Mutumin Da Ya Sa Inna Cire Tabarau

Wai kun ga mutumin nan mai gajeren wando da jan wuya a layin masu tumatir? Ɗan yawon buɗe ido ne, irin waɗanda doguwar mota ke juye mana kullum yanzu. Kyamara na reto a tumbinsa, hancinsa duk ya saɓe don rana, sai goge hannu yake da wani ruwan kwalba kamar mu ne cutar.

Ga shi tsaye gaban teburin Innata, ko gaisuwa babu. Ya ɗauke wayarta ya cusa ƙarƙashin buhu, yana nuna mata da yatsa ta cire tabarau. Wanda likita ya ce kar ta rabu da shi fa. Tafintansa na cewa, "Mama yi haƙuri, wai hoton ya fi kyau in ba kayan zamani."

Inna ta cire tana ƙiƙƙifta ido, tana murmushi, ta zaci ciniki zai biyo baya. Ya ɗau hotonsa ya wuce, ko tumatir ɗaya bai taɓa ba, ya bar ta tana laluben waya.

Na san a falonsa zai rataye ta, ya riƙa nuna wa baƙi talakar da ya gano. Ƙila tasa uwar ko leƙa ta ba ya yi.

Gobe motarsu za ta dawo. Don Allah ku tura wa duk mai tebur a kasuwa, yana ɗaga kyamara kowa ya juya baya, ya koma ƙasarsu da hoton ƙeyarmu.