Gwangwani Biyu na Man Kaɗanya

Shekarar da na ci jarrabawar shiga sakandare aka ɗauke ni daga Jugu aka kai ni Paraku, gidan ƙanwar babana a unguwar Albarika. Goggo nake ce mata. Tana da rumfar kayan shafa a kasuwa, tana kuma da 'ya ɗaya sa'ata, wadda muke kwana ɗaki ɗaya muna tsokanar juna yadda taubasai suka saba. Daga ni har ita baƙaƙe ne wuluk, haka duk zuri'armu take, kuma ban taɓa jin abin ya dame ni ba.

Goggo ba ta yi boko ba, don haka ni na zama idonta a rumfa. Direbobi kan kawo mata kaya daga Najeriya da Lome, ta zube mini kwalaye ta ce in karanta abin da aka rubuta a bayansu. Da farko karatun aku nake yi, ina furta sunaye ban san ma'anarsu ba. Sai na fara kwafe su a bayan littafina ina kai wa malaminmu na kimiyya. Lokacin juyin juya hali ne, kowa kamarad, wato abokin gwagwarmaya, har shi malamin haka muke kiransa, yana kuma jin daɗi ya ga ɗaliba ta kawo tambaya daga kasuwa. Shi ya gaya mini gilisarin ruwa yake jawowa ya riƙe a fata, basilin kuwa rufe ta kawai yake yi kada ta bushe. Lanolin maiƙon gashin tumaki ne, abin da ya sa na kwana biyu ina yi wa matan birni dariya a zuci. Da muka iso kan idirokinon sai ya daina murmushi. Ya ce wannan hana fata yin baƙinta yake yi, ya bar ta tsirara a gaban rana. Wani sabulun kuma zaiba ce a ciki. Wani man ma maganin ƙaiƙayi ne da likita kan rubuta na 'yan kwanaki, mata suka mai da shi na kullum.

Daga nan kaina ya kumbura. Na raba kayan rumfar gida biyu a raina, masu gyara da masu ɓatawa, ina kallon matan da ke sayen na biyun da tausayi haɗe da raini. Har Goggo na taɓa yi wa wa'azi. Ta ce, "To malama, mun ji. Ke dai ga naki can, man kaɗanyar Jugu, babu ruwanki da na Turawa."

Gaskiya ne, kowane wata takan cika mana gwangwani biyu na madara da man kaɗanyar da kakarmu ke aikowa, ta ɗiga turare a ciki. Nawa mai jan zare a wuya, na 'yarta mai baƙi. Ta ce don kada mu yi faɗa ne. Na ji daɗin wannan zaren ƙwarai, domin a ganina ta daidaita ni da 'yar cikinta.

Kafin shekara ta zagayo na yi haske. Na ɗauka zaman birni ne da ruwan famfo, haka ma kowa ya ce. Goggo ta shiga yawan kirana in mata sun cika rumfa, in miƙo wannan, in sauko da wancan, sai in ga suna bin fuskata da kallo suna magana ƙasa-ƙasa da yarensu na Dandanci. Ni kuwa wawuya har wani yauƙi nake yi. Ni da na haddace bayan kowane kwali a rumfar nan, ban taɓa tambayar abin da ke cikin gwangwanin da ba shi da rubutu ba.

A zamanin kowace makaranta da gonarta, ɗalibai ke nomawa. Damina ta biyu muka yi makonni muna noman auduga a tsakiyar rana. Kumatuna suka fara zafi kamar an goga barkono, suka yi ja, daga baya suka rine baƙi-baƙi a ƙarƙashin ido. Na nuna wa Goggo, ta ce rana ce, in ƙara shafa mai. Na ƙara.

Da aka yi hutu muka tafi Jugu ni da taubashiyata. Kaka tana tsakar gida tana tuƙa kaɗanya muka yi sallama. Ba ta gama amsawa ba ta kamo haɓata ta juya ni wajen haske.

"Me kike shafawa?"

"Man da kike aikowa, Kaka."

"Kawo in gani. Ke ma kawo naki."

Ta shinshina kowanne, ta murza a bayan hannu. Sannan ta ɗebo cokali guda daga nan, guda daga can, ta zuba a murafen kwano biyu ta ɗora a bakin murhu. Na 'yar Goggo ya narke garau, kana hango gindin murfin. Nawa ya narke ya rabu, mai a sama, wani farin abu kamar kindirmo ya kwanta a ƙasa. Kaka ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Rabin wannan nawa ne. Ɗaya rabin ban san shi ba." Taubashiyata ta fashe da kuka tana rantsuwa ba ta san komai ba, na kuma yarda da ita har yau.

Ban iya ƙarasa hutun ba. Na hau motar Paraku ni kaɗai, na iske Goggo ta tafi kasuwa. A ɗakinta akwai wata tsohuwar fanteka da take ajiye tarkace a ƙarƙashin gado. Na jawo ta, sai ga matsattsun tubobin man shafawa sun fi ƙarfin hannu biyu, iri-iri, wasu ma ban taɓa ganinsu a rumfa ba. Na jera su a kan tabarma na karanta ɗaya bayan ɗaya, yadda ta saba sa ni. Idirokinon a wannan, maganin ƙaiƙayi a wancan, wani kuma duka biyun. Babu sinadarin da ban sani ba. Ban yi kuka ba a lokacin, kunya ce ta rufe ni, sai kuma baƙin ciki ya biyo baya.

Da la'asar ta dawo ta same ni zaune a gabansu. Ta ajiye jakarta, ta cire mayafi, ta nemi wuri ta zauna.

Na ce, "Goggo, me na yi miki?"

"Me kika yi mini kuwa? Gyara ki na yi. Da kika zo nan wa yake kallonki?"

"To 'yarki fa? Ai launinmu ɗaya. Me ya sa ba ki gyara ta ba?"

Na so ta yi mini ƙarya. Da ta ce kuskure ne, ko ta ce ba ta san yana ɓata fata ba, wallahi da na karɓa, domin ina son matar nan. Tabon yana nan a kumatuna har yanzu, na tsufa da shi, jikokina suna tsammanin haka aka haife ni. Amma ba ta ga abin ɓoyewa ba. Ta ɗauki tubu ɗaya tana jujjuya shi a hannu, ta amsa mini da muryar da take gaya wa mai saye cewa kaya bai iso ba.

"Ita ma da zan sa mata. Jira nake in ga yadda zai yi miki tukuna."