Marar Baba Kumai

Shekara arba'in da ɗaya Mama Bernice ta yi da Baba Kumai, kuma da a ce ka tambaye ta bara, za ta ce ko tarin mutumin nan ta san ma'anarsa. 'Yar Godogodo ce, aure ya kawo ta Kafanchan, tana sayar da busasshiyar citta a kasuwa. Ta san kafin aurensu ya yi shekara tara yana tuƙa babbar mota a Kamaru, amma bai taɓa shigo mata da Faransanci gida ba.

Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi a bakin rijiya. Da bakinsa ya buɗe, Hausa ta tafi, yarensu ya tafi, Turancin coci ma ya bi su. Abin da ya rage masa guntayen Faransanci ne, su ma na mita. Ƙuda ya sauka masa a hanci, "Zut!" Zani ya zame, "Zut!" Wannan kam ko akuya ta gane.

Ɗayar maganar ce ta hana ta sakat. Duk lokacin da ta kawo cokali bakinsa sai ya kau da kai ya ce, "Jan e mar." Ita kuwa mara ta ji. Ta gasa masa mara da ruwan zafi, ta dafa citta da kanwa, ta ɗauki keke-napep har sau biyu zuwa asibiti. Aka duba, aka ce marar lafiya lau. Mutum dai yana ta ramewa, kwana biyar bai haɗiyi abin kirki ba. Tsoro ya kama ta sosai, har a zumuntar mata ta kasa waƙa, ta tsaya tana kuka.

Wata ce ta tuna mata da Celestine, ɗan Togo mai sa tayil a sabon ginin cocinsu. Ta same shi durƙushe cikin siminti.

"Ɗana, ka taimake ni. Mijina, Baban Emilia, yana ce mara, mara, likita kuma ya ce ba komai."

Celestine ya sa ta maimaita sau uku, sannan ya yi dariya. "Mama, ba ciki ba ne. Ya ce ya gaji, abu ya ishe shi. Small magana ne. Ko network ya ɗauke muna faɗin shi."

Sati guda tana zuwa wurinsa da rana yana koya mata, tana rubutawa a bayan littafin waƙoƙinta yadda kunnenta ya ji. "Mens", in abu ya zube. "Les tombe", a bar zancen. "Tu menerv", kana ba ni haushi. Tsohuwa mai jikoki shida tana bin layin dogo tana mita da Faransanci ita kaɗai, masu acaba suna waiwaye. Ba ta damu ba. Abu ɗaya ta roƙa a ƙarshe, yadda ake tambaya: me ya ishe ka?

Ranar Asabar ta dama kunun gyaɗa, ta zauna a bakin gado. Ya kau da kai. "Jan e mar."

"Da kwa?" ta ce.

Baba Kumai ya juyo. Wata uku rabon da ya dube ta haka. Ta yi ta addu'a a ranta ya nuna kunun, ko katifar, ko ita kanta ma ta yarda. Sai ya ɗaga hannun da ke motsi, a hankali, ya dafa ƙirjinsa. Shi kansa ne ya ishi kansa.

Ta buɗe littafin, hawaye na ɗiga a shafin. Kaf abin da ta koya na ƙuda ne da zubewar miya, babu kalma ɗaya da ta kai girman wannan. Ta rufe shi, ta cika cokali, ta matsa har goshinta ya kusa taɓa nasa.

"Tu menerv, Baban Emilia," ta ce. "Ka ji ni? Tu menerv!"

Gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa, kamar zai yi dariya. Ta tura cokalin ta wurin, kuma bai tofar ba.