Mastura, Wadda Na Yi Tarayya a Kanta da Mutanen Agege

Ranar Talata, takwas ga watan Yuli, 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran matata Mastura Abdurrahim a ajin matan aure na Islamiyyar layinmu da ke Agege. Shi Ya ba ni ita, Shi Ya karɓi abarsa, kuma can dukanmu muka nufa. Ba ta yi jinya ba. Tana tsaye tana koya wa mata yadda ake kashe wutar gas, jiri ya kwashe ta. Likita ya ce hawan jini ne.

Mastura, tun da muka kai ki makwancinki ake cewa in rubuta wani abu a kanki, a karanta a taron 'yan sa-kai masu aikin agaji da kike shugabanta. Na ce musu ai sun fi ni abin faɗa. Suka ɗauka tawali'u ne. Ke da kika san ni, kin san da gatse a ciki.

Ina kishin mutanen Agege a kanki. Kin san haka tun kina da rai, kuma rasuwarki ba ta rage shi ba.

Na san ranar da abin ya fara. Daminar da ruwa ya shafe layinmu har ba a gane hanya da lambatu, 'yar maƙwabciyarmu tana dawowa daga makaranta ta taka inda take zaton ƙasa ce. Sai can kusa da hanyar jirgi aka tsinci gawarta. Ke kika zauna da uwar har aka watse zaman makoki. Da kika dawo gida kika ce mini, "Baban Laila, ruwan nan fa ba baƙo ba ne. Duk shekara yana zuwa a kan lokacinsa, mu ne muke yi kamar ba mu san da shi ba." Kika nemi izinina ki je wani horo da wata ƙungiyar agaji ke bayarwa. Na ba ki, ina zaton abu ne na mako guda.

Daga nan gidana ya zama tasha. In dawo daga abbatuwar Oko-Oba, jikina duk warin fata da gishiri, ina son ruwan wanka da wadda zan yi wa ƙorafin kasuwa, sai in tarar da takalman mata jibge a ƙofa. Kuna ciki kuna tsara wa zai yashe wane lambatu kafin ruwa ya sauka, ina za a samo yashin cika buhuna, wane masallaci ne mai bene da za a kai mutane in abin ya ɓaci. Kin san kowane gida mai tsoho, da mai makaho, da mai mace da tsohon ciki. Kina bi ɗaki-ɗaki kina roƙon mutane su daina kwana da jarkar fetur ɗin janareto, su ƙulle takardunsu a leda su rataye a sama, su kashe wutar lantarki da zarar ruwa ya taɓa dokin ƙofa. Da Hausa kike yi, ki juya Yarabanci, in ta kama ki yi Pidgin. Ni kuwa in zauna a benci a waje, abincina a rufe, ina jiran a sallamo mini ke.

Ba ki taɓa barina da yunwa ba, wannan zan shaide ki a gaban kowa. Amma sau da yawa abincin nake samu, mai abincin tana wani layi.

Akwai Iya Risikatu mai burodi, wadda kuka daɗe kuna sa-in-sa saboda tana zuba shara a magudana. Ba irin zagin da ba ta yi miki ba. Ba ki rama ba, sai dai duk Asabar ki je da shebur ki yashe gaban shagonta tana kallo, har kunya ta sa ta karɓi shebur ɗin daga hannunki. Ranar jana'izarki ita ce ta faɗi a tsakar gida tana birgima tana kiran "Iya Laila", har sai da aka riƙe ta. Ina tsaye ina jin kukanta ya fi nawa ƙarfi, raina yana ɓaci. Na rasa dalilin da mai burodi za ta fi ni kukan matata.

Sai ruwan shekarar bara. Da hantsi ya kece, kafin azahar ya shigo ɗakinmu. Kina jin usur ɗin gargaɗi na yaranki 'yan sa-kai kika zura takalmi kika fita. Ni kaɗai na ɗaga katifa, ni kaɗai na ɗora talabijin a kan kabad, ina kwashe ruwa da bokiti ina jin muryarki daga nesa kina ba wasu umarni. Da ruwa ya janye kika shigo sharkaf, goye da wata tsohuwa 'yar Maraɗi da ban taɓa gani ba. Kika shimfiɗe ta a kan katifar da na sha wahala na tserar. Na ce, "To ni fa?" Kika ce, "Kai ai kana da ƙafa, Malam." Kika yi dariya, ni ban yi ba. Daga baya na ji cewa a duk layukan da kuke kula da su ba a rasa rai ko ɗaya ba a wannan ruwa. Na yi alfahari, kuma na ci gaba da jin haushi. Duka biyun gaskiya ne.

Bayan nan na je har Oshodi na zaɓo miki takalmin ruwa mai kyau, mai tsawo har gwiwa, don ƙafarki ta fara tsagewa. Ba a yi wata ba na gan shi a ƙafar Zeinabou, 'yar tsohuwar nan, wadda ta zama mataimakiyarki. Kika ce layinsu ya fi namu zurfin ruwa. Tun daga nan duk sanda na haɗu da ita sai idona ya sauka kan ƙafarta.

A zaman makoki na ga abin da ban shirya masa ba. Mutane suna shigowa, kowa da nasa labarin. Boubacar mai shayi ya ce ba don kin koya masa jefa jiƙaƙƙen buhu a kan tukunyar gas ba, da rumfarsa da shagunan da ke jikinta sun ƙone. Wani ɗan dako daga kasuwar Mile 12 ya ce ke kika ɗaure masa ƙafa da mayafinki ranar da kwano ya yanke shi. Na tuna mayafin, ni na saya, kin ce mini kin bayar ne kawai. Ina amsa gaisuwa ina cewa Allah Ya ba da lada, a zuciyata kuwa ina tambaya: yaushe aka yi duk wannan, ina ina? Kowane labari wani yini ne naki da ban samu ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar ƙarshe. Ina kan cinikin fata aka kira ni. Na hau adaidaita-sahu, muka maƙale a cunkoso, na sauka na kama gudu da ƙafa. Kafin in iso an rufe miki fuska. A cinyar Zeinabou kika cika. Ita ta riƙe kanki, ita ta ji numfashinki na ƙarshe, ita ta shafe miki ido.

Ranar sadakar uku na sa aka kira mini ita, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

Na ce, "Zeinabou, me ta ce?"

Ta ce, "Baba, da ta faɗi ta ce a rufe gas ɗin, akwai yara a ajin. Da aka rufe sai ta yi kalmar shahada."

"Ba ta ce komai ba bayan wannan?"

Ta gane abin da nake nema. Na ga tana son ta ba ni abin da zai sanyaya mini rai. Sannan ta ce, "Ba ta ce ba, Baba. Lokacin bai kai ba."

Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba. Tarbiyyarki ce. Na gode wa Allah da Ya ba ki cikawa da imani, kina tsaka da aikin alheri, irin mutuwar da kowane Musulmi ke roƙo. Duk da haka, Mastura, na so a ce sunana ya samu wuri tsakanin gas da shahada.

Jiya matan suka zo neman izinin ci gaba da taruwa a gidan, sun ce sun saba da nan, kuma damina ba ta ƙare ba. Laila ta zuba mini ido tana jiran amsata. Na ce su zo. Ban faɗa da sakin fuska ba, amma na faɗa, domin ruwa ba zai jira in huce ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki Hajiya Umma da ke Funtua, da 'yan'uwanki, da 'ya'yanmu Laila da Jamaluddeen. Ina miƙa ta ga 'yan sa-kai, da duk mutanen Agege, Hausawa da Yarabawa da 'yan Nijar. Na yarda ku ma an yi muku mutuwa. Wanda ta saɓa wa a cikin wannan aiki ya yafe mata. Ni na yafe mata duniya da lahira.

Ya Allah Ka jiƙan Mastura, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ka sa duk ran da ya tsira ta dalilinta ya zama nauyi a mizaninta. Ka tsare ta daga wuta kamar yadda ta tsare bayinKa daga ta duniya. Ka ba mu haƙurin rashinta, Ka kyautata tamu in ta zo.

Kuma ya Ubangiji, ina da roƙo ɗaya nawa na kaina. Idan Ka yi mini rahama Ka sada ni da ita a Aljanna, inda babu ambaliya babu gobara, babu wanda yake neman agaji, Ka bar mini ita ni kaɗai. Amin.

Mijinki,
Ɗayyabu Ridwanu
Agege, Legas