Saƙon Yasir Zuwa Bani Harisa

Gari bai waye ba muka bar gida a Manchester, ni da maigidana, sanyi kamar zai cire wa mutum kunne. Umara za mu, amma ina ɗauke da aiken da ban so ba. Yasir ne ya ɗora mini. Asibiti ɗaya muke aiki, shi a ɗakin magani, ni a wajen jinya. Haifaffen Madina ne, jikan wani Bakano da ya zo Hajji a ƙafa ya zauna. Mahaifiyarsa na kwance da ciwon ƙoda, shi kuwa ya daɗe rabonsa da gida, don ya yi rajistar zaman tare da wani namiji, Bature, a ƙarƙashin sabuwar dokar Ingila, kuma labari ya isa Madina. Tambaya ɗaya yake so na yi masa: in ya zo, za a buɗe masa ƙofa?

Ban ɓoye masa ba, na ce ni ban yarda da abin da ya yi ba. Ya ce, "Na sani, Anti. Shi ya sa na zaɓe ki, ba za ki rage magana ba. Kada ki ce musu takarda ce kawai."

Lokacin gardama a kan dokar ta cika gidajen rediyo, har ɗakin shan shayinmu a asibiti. Wasu na cewa rajistar ta wadatar, tunda ta ba da haƙƙin gado da na tsayawa a kan mara lafiya, a bar wa aure sunansa. Wasu na cewa muddin ba a kira shi aure ba, an nuna musu ba ɗaya suke da kowa ba. Yasir na cikin na biyun.

Bayan mun gama Umara muka hau bas zuwa Madina. Hanya ce miƙaƙƙiya, dama da hagu baƙaƙen duwatsu, sai raƙuma jefi-jefi. Mun tsaya cin shinkafa da gasasshiyar kaza, faranti ɗaya ya ishi mutum uku, kuma bai kai kuɗin burodi da shayi a filin jirginmu ba. Maigidana, da ya sha alwashin yin zikiri har mu isa, ko motar ba ta gama ɗaukar hanya ba ya fara minshari. Da na hango hasumiyoyin Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuka ya ƙwace mini. Na yi kwana biyu ina ziyara ina ja da baya da aiken.

A Uhudu muka haɗu da yayan Yasir, Talal. Kafin ya iso ina cinikin dabino da wata mata, ina ta fama da guntun Larabcina, sai ta yi dariya ta ce, "Hajiya, yi Hausarki, ni 'yar Chadi ce." Talal dogo ne, mai fara'a, Hausarsa rabi Larabci. Muna shiga mota ya rage murya, ya kira ni Hala, wato inna.

"Hala, wallahi ki faɗa mini. Zawaj ne, ya'ani aure, ko aƙadi ne, yarjejeniya kamar ta sharika, ta kasuwanci? In takarda ce, halas, shi ke nan, sai mu ce abokin haya ne, ya zo ya ga Ummi. In aure ne, ba zan iya da ammomina, 'yan'uwan babanmu, ba."

Na ga ƙofar da yake buɗe mini, kuma na so na bi ta. A dokar Ingila ba a kiransa aure, da na tsaya nan ban yi ƙarya ba. Na ce zan amsa a gaban Hajiya, mahaifiyarsu.

Gidansu na unguwar Bani Harisa, a hawa na biyu. Maza suka zauna a majalisa, wato ɗakin baƙi, ni aka shigar da ni ciki. Tsohuwar ta rame ƙwarai, amma Hausarta ta Kano tsantsa, irin wadda na daina ji ko a Kano. Aka kawo shayi mai na'ana'a. Talal ya tsaya a bakin ƙofa. Ba ta tambaye ni doka ba. Da ma'aunin da ta sani ta auna.

"'Yar nan, wa ya yi masa walicci?"

"Babu, Hajiya."

"An yanka sadaki? An raba goro? An shafa fatiha?"

Na ce babu ko ɗaya, ofis suka je, mutum biyu suka shaida. Talal ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Kin ji, Ummi, ba aure ba ne." Nan ya kamata na yi shiru. Sai dai na ce, "Hukuma ba ta kiransa aure. Amma shi Yasir ya ce na faɗa miki, a wajensa aure ne, kuma ba zai bar mutumin ba."

Talal ya fice. Na ji na tsani kaina da gaskiyata. Ta daɗe tana jan carbi, hawaye na bin gefen fuskarta. Can ta ce, "Ba zan sa wa abin nan albarka ba, ba ni da ikon haka. Amma ni na haife shi, kuma ba Talal ke da ɗakin nan ba. Ki ce ya zo, shi kaɗai, ya yi sauri." Har na miƙe ta riƙo mayafina. "Shi wancan, yana da uwa?" Na ce na ji an ce ta rasu. Ta ce, "Allah sarki," ta sake ni.

Talal ya mai da mu masauki. Sai da muka sauka ya ce wa maigidana, shi ba zai je tarbar Yasir ba, amma ba zai kulle gida ba.

Mun dawo Manchester cikin ruwan sama. Ra'ayina bai sauya ba, sai dai tafiyar ta koya mini cewa masu gardama a kan suna, ko ta wane ɓangare, ba su ne ke kwance suna jiran ɗa ba. Washegari na sami Yasir a wurin aiki na faɗa masa komai, yadda aka faɗa, har tambayar ƙarshe. Ya dafa kantar magani ya sunkuyar da kai. Da azahar na leƙa ɗakin maganin, wani ne a gurbinsa. Aka ce ya ɗauki hutu ya tafi neman tikiti.