Darar Ƙofar Gidan Taubashina

Ni a aji uku na firamare na yi sallama da boko, kuma ba wanda ya yi kukan rabuwar, har malaman. Taubashina kuwa, ɗan kawuna da ke Masanawa, tun daga aji ɗaya har ya gama jami'a bai taɓa sanin yadda ake zuwa na biyu ba. Sa'o'in juna ne mu. In an tashi yi mini faɗa a gidanmu a Kara, da shi ake buɗewa, da shi ake rufewa. Ni kuma in mun haɗu sai in rama da baki, tunda tsakanin taubasai ba a riƙe magana. Ina ce masa bawana, yana ce mini bawansa, har muka yi furfura ba a raba gardamar ba.

Kowa ya ɗauka nan gaba sai dai mu riƙa jin muryarsa a rediyo. Wasu suka ce likita, wasu suka ce injiniya. Kakarmu ba ta rage komai ba, ta ce gwamna. Sai kawu ya rasu ya bar masa ƙanne cike da gida. Ya karɓi wani ɗan aikin ofis a Kabo, wai na wucin gadi kafin ya koma ƙaro karatu. A kan wannan kujera ta wucin gadi ya yi ritaya.

Bayan ritayar ne ya kwanta. Ba zazzaɓi, ba ciwon ƙafa. Ya daina zuwa majalisa, ya daina kunna rediyo, masallaci ma sai ya lallaɓa sahun baya, ya sulale kafin a fara gaisawa. Ya shimfiɗa tabarma a zaure ya juya wa ƙofa baya. An kawo rubutu ya sha. 'Yarsa mai aikin jinya ta kai shi asibiti a Kano, aka ce ciwon damuwa ne, aka ba shi magani, yana kuma sha. Amma tabarmar nan ta ƙi sakinsa.

Matarsa ce ta kira ni a waya. Ta ce, "Yaya, ka zo ka ga ɗan'uwanka. Jiya cewa ya yi da shi da babu duk ɗaya."

Na ce, "Ai na daɗe ina gaya masa, sai yanzu ya yarda?"

Ba ta yi dariya ba. Nan na san abin ya yi nisa. Na tura tsohon mashin ɗina har ya ga dama ya tashi, na kama hanya.

Na tarar da masu dubiya cike da zaure, na samu gefe na kasa kunne. Wannan ya ce, "Haba Malam, kai da ka fi kowa ƙwaƙwalwa a ƙasar nan!" Wancan ya ce, "Wallahi da ka samu hanya, da yanzu kana Abuja." Wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Mutum irinka a ƙauye, ai an yi asara." Duk wanda ya yabe shi sai in ga kafaɗarsa ta ƙara sauka. Su a nasu ganin lallashi suke yi. Ni kuwa gani na yi ana yi wa mutum ta'aziyyar kansa yana zaune da ransa.

Da suka watse na matsa kusa. Na ce, "Bawana, an ce ka bar zaman ofis ka koma zaman zaure. Wanne ya fi wahala?"

Ya ce, "Taubashi, kai ka ji daɗinka. Ba wanda ya taɓa sa ran komai a kanka."

Na ce, "Ƙwarai kuwa. Ranar da na iya ɗaure akuya sai da aka yi wa Inna barka."

Ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Ni Allah ya ba ni abu, na jefa shi a aljihun tebur har ya lalace. Gobe ƙiyama in aka tambaye ni me na yi da shi, me zan ce? Na buga hatimi?"

Wannan tambaya ta fi ƙarfin ɗan aji uku. Na tashi na nufi ƙofa.

Ina fitowa ƙofar gida na ga yashi mai laushi a gindin darbejiya, sai na tuna muna samari yadda yake korar dattawa ɗaya bayan ɗaya a fagen dara. Na durƙusa na tona gidajen dara daidai inda zai iya hangowa in ya waiwaya. Na karya kara, na tsinto tsakuwa. Abokin wasa babu, don haka na zama ni ne mai kara, ni ne mai tsakuwa.

Dara dai in ka jera uku a miƙe ka ci, ka cire ɗaya daga na abokin karawarka. Ni kuwa sai in jera biyu in buga ihu, "Na ci! Kawo!" In tsallake gida, in tafi a karkace, in saci tsakuwar kaina, sannan in kama kaina da rantsuwa. Ranar farko ko motsi bai yi ba. Na dawo washegari, na sake dawowa. Masu wucewa suka fara rage tafiya suna kallona da tausayi. Matarsa ta leƙo ta ce, "Yaya, mun kira ka ka taya mu da ɗaya, ga shi mun samu biyu."

Wata rana da hantsi, na ɗaga kara na dire shi a karkace, ina shirin ihu, sai na ji murya daga zaure.

"Ba a tafiya haka."

Na ce, "Wa ke magana? Marar lafiya ya yi shiru, manya na wasa."

"Ka mayar da shi inda ka ɗauko."

"In ka isa ka zo ka mayar."

Sai ga shi ya fito, yana kare ido da hannu don ya kwana biyu bai ga rana sosai ba. Ya zauna a ƙasa da farar rigarsa, ya share duk abin da na jera, ya ja tsakuwa gabansa. Kafin in gyara zama ya tsince karana kaf. Ya dube ni ya ce, "Duk tsawon shekarun nan kana cin tuwon mutane, jera kara uku ya gagare ka. Jaki ma da ya zauna nan da ya koya."

Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Na ce, "Sake zubawa, bawa, sa'a ka yi."

Ba zan ce ya warke ba. Yana nan yana shan maganinsa, kuma akwai ranakun da tabarma ke rinjaye. Tambayarsa ma tana nan, daga ni har shi ba wanda ya amsa ta. Amma yanzu duk mai dubiyar da ya buɗe baki da "kai da ka fi kowa", kafin ya ƙarasa na danƙa masa kara na zaunar da shi a yashi, ya ɗanɗana ƙwaƙwalwar da hannunsa. Ranar da taubashi ya ƙi fitowa kuwa, sai in tona gidajena in fara tafiya a karkace da babbar murya.

Kwanakin baya na gaji da shan kaye, na ce ya koya mini darar nan ta gaskiya. Ya ci gaba da jera tsakuwarsa, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Kada ka kuskura ka koya."