Gurbin Yatsa a Wuyan Buta

A ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, duk matar da tagullarta ta yi baƙi gidan Gwaggo Sa'a take aikawa da ita. Ƙanwar mahaifina ce. Ana kawo mata tasoshin gado, da farantai, da mundayen matan Fulani da ke zaune ƙetaren kanal ɗin ban ruwa. Ba ta da wani sirri. Tsamiya take jiƙawa tun da hantsi, ta haɗa da toka da ɗan gishiri, ta cuɗa da tsumma, ta ɗauraye, ta goge ruwan nan take.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa wankewa, butar mijinta, Malam Hambali. Shi ne mai buɗe wa gonakin layinmu ruwa lokacin noman rani. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya tafi bakin babban kanal yin alwalar la'asar. Aka tarar da takalmansa da butar a tsaye, cike da ruwa. Shi kuwa sai bayan kwana biyu aka tsamo shi can wajen Bunkure.

Butar ta yi baƙi ƙirin, in ban da wuri guda a wuyanta, faɗin kwabo, da yake ƙyalli. Malam bahago ne, nan babban yatsansa yake zama. Ni ban san wannan ba, don ina yarinya ya rasu, daga baya kuma na yi shekara shida a Indiya ina karatun haɗa magunguna.

Sati biyu da dawowata, Gwaggo ta tafi kasuwar Bunkure sayen tsamiya. Na ga butar a bayan randa, ga ragowar haɗinta a ƙwarya. Na zauna na cuɗe ta tas, har ina ganin fuskata a jiki.

Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Wa ya taɓa?"

"Ni ce, Gwaggo. Dubi yadda ta fito."

"Sannu, likita. Shekara shida a Indiya, wankin buta aka koyo?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ɗauki butar tana jujjuyawa, tana duba wuyan.

"Ina yake, Zuliha?"

"Wa?"

"Yatsansa. Shekara goma sha ɗaya wurin nan bai dushe ba, kuma ban taɓa goge shi ba. Ni ban ce komai ba, Allah ne masani. Amma kullum na duba yana nan."

Na san tagulla ba ta riƙe haske sai inda hannu ke gogarta.

Daga ranar ta daina karɓar aiki. Mundaye suka taru a faifai, masu su suna aike tana cewa gobe. Da safe ta leƙa bayan randa, ta fito. Ni ma na shiga leƙawa. Laimar gonakin shinkafa tana saurin dusar da tagulla, butar ta soma ja, ta koma ruwan ƙasa.

A kwanakin ne na lura da wani abu. Duk la'asar in za ta share bayan randa, da hagu take ɗaga butar, ba ta ko kallonta, alhali komai da dama take yi.

Sati na shida ta kira ni.

"Zuliha, zo ki gani. Ya dawo."

Ga gurbin yatsan nan yana ƙyalli a wuyan butar, inda yake a da. Na dubi yatsan Gwaggo da tsamiya ta cinye, siriri kamar tsinke. Na dubi gurbin. Ya fi yatsanta faɗi.

"Me kike kallo?" ta ce. "Miƙo mini ƙwaryar nan in jiƙa tsamiya, matan Fulani sun gaji da jira. Butar kuma, likita, a bar mini ita da dattinta."