Matar da Aka Kulle a Kicin

Maƙwabciyata Dona Efigênia ta yi shekara ashirin da biyu tana dafa wa ɗaliban jami'a abinci a wani tsohon gidan samari da ke kan tudu a garinmu da ke jihar Minas. Ita ke wanke musu bayi, ita ke kwashe kwalabe ranar Litinin. Goggo suke ce mata.

Gidan yana da tasa al'ada. Sabon ɗalibi sai an aske masa kai, ya yi wa manya bauta wata shida kafin a karɓe shi. Ta sha yi musu faɗa, su kuwa sai su yi dariya su ce ai wasa ne.

Wanderson ɗan wani birkila ne daga arewacin jihar, shi ne na farko a danginsu da ya taka jami'a. Tun zuwansa ya gaya musu ba ya shan giya. Wata Asabar da rana aka yi bikin karɓar sababbi. Dona Efigênia tana juya tukunyar wake sai ta ji shewa a tsakar gida. Da ta leƙa ta taga, sai ta ga ƙarti biyu sun danne Wanderson a kujera, Otávio shugaban gidan ya cusa masa mazurari a baki yana tsiyaya barasar rake. Ta fito da ludayi a hannu ta ce su sake shi.

"Goggo, koma kan wakenki kar ya ƙone," in ji Otávio.

Suka tura ta kicin suka sa mata sakata ta waje. Ta buga ƙofa har hannunta ya kumbura, kiɗa ya danne muryarta. Sai da la'asar suka buɗe. Ta tarar da shi yashe a bayan ɗakin wanki, leɓɓansa sun yi shuɗi. Ta ce a kira motar asibiti, suka ce a bar shi ya yi barci, in hukuma ta ji za a rufe gidan. Ita ta kira. A hanya ya cika.

Washegari tsofaffin 'yan gidan suka zo, lauyoyi da injiniyoyi, mutanen da ta ciyar da hannunta. Suka roƙe ta ta ce ba ta ga komai ba, wai kar a lalata rayuwar yara. Ta tambaye su wanda ke kwance a mutuware fa, shi ba ɗan kowa ba ne? Daga nan ta wuce ofishin 'yan sanda.

A kotu lauyan Otávio ya ce marigayin baligi ne, da kansa ya sha. Ya juyo yana murmushi ya tambaye ta ko ta iya karatu.

"Ban iya ba, ranka ya daɗe," ta ce. "Amma na san bambancin wanda ya ɗaga kofi da wanda aka riƙe wa muƙamuƙi."

Mai gabatar da ƙara ya ce su Otávio sun san abin zai iya kisa, suka ci gaba, suka kuma hana a cece shi. Aka yi shekara huɗu ana ɗage zama. A ƙarshe alƙali ya ce kisan kuskure ne, ya yanke wa su ukun aikin taimakon jama'a a ɗakin karatu. Ko kwana ɗaya babu wanda ya yi a kurkuku.

Ita kuwa aka sallame ta, kuma babu gidan ɗalibai da ya sake ɗaukar ta. Yanzu burodin cuku take sayarwa a tashar mota. 

Seu Nivaldo, mahaifin Wanderson, ya ɗaukaka ƙara, an sa ranar zama a babban birnin jiha. Ba za a sake jin shaidu ba, ɗan Dona Efigênia ma ya ce ta haƙura da zuwa, ga ta da hawan jini. Ta ce za ta je ta zauna a layin gaba inda alƙalan za su gan ta. Jiya ta aiko jikarta ta gaya mini in shirya, motar safe za mu bi.